Sadakar Jirgi

Mararaba, 28 ga Yuli, 2025

Zuwa ga Iyata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ya ƙafar? Ya damina a Zariya? Na zaɓi takarda ne don a waya kullum "iye? iye?" kike yi har katina ya ƙare.

Ni dai ba abin da ke damuna sai gajiya. Cunkoson hanyar Abuja ya cinye ni, ga aikin gidan rediyo. Oga Philip ya ɗora mini fassarar wani shiri na cika shekara tamanin da jefa bam ɗin nukiliya a Japan, kuma ni zan karanta.

Iya, jirginmu ne. Wanda mahaifinki, Kaka Kofur, ya ce shi ya kashe yaƙi har aka sallamo su daga Burma, ya dawo ya auri Goggo aka haife ki. Wanda duk Agusta kike toya waina ki raba dominsa, muna ta amin kina sa wa jirgin da direbansa albarka. Ashe sunansa Enola Gay, sunan uwar matuƙin ne aka rubuta a jikinsa. Bam ɗaya ya saki a kan garin Hiroshima da safe, mutane na fita aiki. Dubban mutane suka ƙone nan take, kafin shekara ta ƙare an haura dubu ɗari. Bayan kwana uku wani jirgin ya sake yi a Nagasaki. Waɗanda suka tsira sun ce mutane na tafe fatarsu na zuba, ba abin da suke roƙo sai ruwa. Sau huɗu ina tsayawa a wajen ɗaukar shirin.

Ga roƙona. Ranar Laraba, 6 ga Agusta, za a sa shirin. Na san ba kya barin muryata ta wuce ki, amma wannan karon, don Allah, ki bar rediyon a kashe. Ki yi sadakarki yadda kika saba. Ba ki san komai ba, shi ma Kaka abin da aka faɗa musu a bariki ya riƙe.

A gaida Yaya Manniru da iyalinsa.

'Yarki,
Ummukulthum

Mararaba, 17 ga Agusta, 2025

Zuwa ga Iyata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar jiki, ko da yake an ce ba kya son a tambaya.

Yaya Manniru ya gaya mini komai. Wasiƙata ce ma ta sa kika ce a ƙure miki rediyon, kika manna kunnenki a jikinsa har aka gama. Wai shinkafar da kika jiƙa sai kaji aka zuba wa. Maƙwabta sun zo da kwanukansu kamar kowace shekara, kika ce a ba su haƙuri. Kai, Iya! Ni da na so in kare ki, ni na kai miki da hannuna. Wallahi na ji kunya, na kuma ji haushin kaina.

Shekaranjiya direban motar Zariya ya miƙo mini ƙunshi. Na buɗe, sai ga tandar Goggo, ta ƙasa, wadda ko wanke ta ba kya bari mu yi. Na zazzage zanen da kika naɗe ta har sau biyu, ba takarda, ba saƙo. Ban gane ba, gado kika ba ni, ko fitar da ita kika yi daga gidanki?

Jiya dai na toya. Rabi ta ƙone, kin san hannuna. Na raba a layinmu. Maƙwabciyata Serah ta tambaye ni ko sadakar wa ce. In ce ta godiya ce, na tuna masu roƙon ruwa. In ce ba ta godiya ba ce, to da Kaka bai dawo ba, da babu ke, babu ni. Na ce mata ta mamata ce, namu da na wasu. Ta ce Allah ya ji ƙansu, ta ɗauki uku.

Jirgin kam ban iya sa masa albarka ba. Ban kuma iya tsine masa ba. Na gaji, Iya.

Kwana goma sha ɗaya ke nan ina kira, ana kai miki wayar kina juya kai. In na yi daidai ki faɗa, in na ɓata ki faɗa. Direban zai koma ranar Talata, na ce ya tsaya a ƙofar gida ya jira. Ko zagi ne ki ba shi ya kawo mini.

Taki har kullum,
Ummukulthum