Na Warware Ɗinkin Mahaifiyata, Ta Ajiye Allura

Goggo, don Allah ki agaje ni, na rasa inda zan sa kaina.

Ni masaƙiya ce. Ni nake saƙa mayafi da hannu, mahaifiyata ta yi masa ado da allura: ganye, fure, tsuntsaye. Yanzu muna yi wa 'yata wani, za ta tafi karatu nesa, kuma ita ta roƙa. To idon Mama ya fara rauni. Ganye sai ta sa masa jan zare, kurciya kuwa fiffikenta ya shige cikin reshe. Na kasa gaya mata, wallahi kunya nake ji. Sai in bari ta tafi alwala in warware, in sake ɗinkawa.

Abin da na manta, Mama ba ta ƙulli a bayan ɗinki, cusa bakin zaren take yi ƙarƙashin 'yan'uwansa. Ni kuwa mai ƙulli ce. Rannan ta shafa bayan mayafin, yatsanta ya tsaya a kan ƙullina. Sai ta soke allurar a gefe ta ninke mayafin. Tun daga ranar ba ta sake taɓawa ba. In na zauna a masaƙa sai in tashi, in leƙa ɗakinta, in dawo. Gara ma ta zage ni! Ga tafiyar yarinya ta matso. In ƙarasa da kaina ne?

Mai Ƙulli

'Yata Mai Ƙulli,

Kada ki ƙarasa. Na san don ki rufa mata asiri kika yi, kuma gaskiya ne aikin ya karkace. Amma garin neman gira kin kusa rasa ido. Ɓoyewar ce ta fi yi mata ciwo, ta ga an mayar da ita ƙaramar yarinya a kan sana'arta.

Yau ɗin nan ki durƙusa ki ba ta haƙuri, ban da kame-kame. Ki kai ta likitan ido. Sannan ki zauna kusa da ita, ki ware mata zare launi-launi, ki zura mata a allura, ki fito mata da zanen adon da alli mai kauri. Sauran ki bar mata, ko da ganyen zai fito ja.

Mayafi mai kyau 'yarki za ta samu a ko'ina. Na hannun kakarta take so, kuma ba kullum za a same shi ba. Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ya kai yarinya lafiya.

Goggonki