Hoton Ummu Shaima

Mansura, ranar Talata

Yaya Wafa,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara, kuma ciwon gwiwar ya yi sauƙi. Mu ma lafiya lau, Mama na gaishe ki.

Na ga saƙonki na taya murna, na kasa amsawa. Maganar ba ta waya ba ce, shi ya sa na ɗauko takarda.

Kin san tun da aka ba ni ɗakin karatun makarantar nan, ni kaɗai nake wuni a ciki. Na buɗe masa shafi a Fesbuk, ina sa hotunan littattafai da sanarwar karatun Alhamis da muke yi da iyaye, amma ba mai kulawa sai ke da malamai biyu. Shugaban makaranta, Ustaz Hamdi, har ya fara maganar mayar da ɗakin aji.

Cikin iyayen akwai Ummu Shaima, mai ɗinki a bayan masallaci. 'Yarta Shaima ce ta fi kowa karatu a aji biyar. Wata Alhamis matar ta tsaya har kowa ya watse, sannan ta raɗa min cewa ita ba ta iya karatu ba, da ciwon ido take fakewa. Muka fara daga alif. Ranar da ta haɗa kalmarta ta farko fuskarta ta yi wani irin haske, sai na ɗaga waya na ce ta yi murmushi. Ta yi. Da na koma gida na sa hoton a shafin, na rubuta labarinta a ƙasa.

Shi ne hoton da kika gani. Ba inda bai shiga ba. Yanzu littattafai katan-katan ake aiko mana, daga Alƙahira har Iskandariyya. Ustaz Hamdi tun daga nesa yake gaishe ni.

Amma Yaya, ban tambayi Ummu Shaima ba kafin in sa hoton. Yara sun sa Shaima gaba, duk inda ta bi sai su rera mata alif, ba, ta. Matan unguwa kuma sai zuwa shagon suke yi wai sa albarka, suna ƙunshe dariya. Daga uwar har 'yar ba wadda ta ƙara leƙo ni.

Ki yi min addu'a.

Ƙanwarki,
Rasha

Mansura, ranar Lahadi

Yaya Wafa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na gode da wasiƙarki. Kin ce niyyata mai kyau ce. Ni ma haka nake faɗa wa kaina, sai dai na tuna tun kafin Ummu Shaima ta sauke yatsa daga kan kalmar na riga na fara tsara abin da zan rubuta.

Na goge hoton, amma ya riga ya fita hannuna, mutane sun kwafa. Ran Juma'a na sayi basbusa, wainar nan mai zaƙi, na je shagonta. Ta ba ni kujera, ta kawo min shayi, ta koma kan kekenta. Na ba ta haƙuri, na yi ta magana, ita tana ɗinki. Can ta tsayar da keken ta ce, "Malama Rasha, matan unguwa ba su dame ni ba. Shaima ce ba ta sani ba. Duk shekarun nan ina zama kusa da ita tana karatu ina gyaɗa kai. A wayar ƙawarta ta gani."

Wallahi Yaya, har yau ban san yadda na iso gida ba.

Ɗazu da safe Shaima ta shigo ɗakin karatun. Ba ta kalle ni ba. Ta ce mamanta ta ce a ba ta littafin baƙaƙen, ita za ta ci gaba da koya mata a gida. Na ɗauko, na haɗa da wasu biyu. Ta ɗauki ɗaya ta ajiye sauran. Ta kai bakin ƙofa sannan ta ce kuma mamanta ta ce ta yafe, amma kada in ƙara zuwa.

Ɗakin kuwa cike yake, ranar Alhamis har a ƙasa iyaye ke zama. Ustaz Hamdi ya ce in samo wani hoton irin wancan kafin hutu. Na ce masa zan sa hoton littattafai. Bai ji daɗi ba.

Ki gaida yara, ki shafa min kan autarki. Kada ki faɗa wa Mama, har yanzu tana nuna wa baƙi hoton a wayarta.

Taki har kullum,
Rasha