Kyanwar Umma Ba Za Ta Bar Gidan Nan Ba

Yaya Halima,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara. Yaya zafin Jidda, yaya ƙafarki? Mu nan ƙauye lafiya lau, jaririya Amna tana shan nono sosai.

Ranar Juma'a da hantsi na fito daga wankan jego na tarar da kyanwar da marigayiya Umma ta bari kwance cikin gadon Amna, dab da fuskarta. Hajja, uwar mijina, ta sa salati, ta ce wa ɗanta, "Usman, sa ta a buhu ka jefar bayan garin Wad Haddad!"

Na riƙe bakin buhun na ce, "Hajja, ki yi haƙuri. Ni na bar ƙofa a buɗe. Shekara bakwai tana tsare mana dawa daga ɓeraye, ba za a yar da ita don sakacina ba."

Ranar nan na sa kafinta ya yi wa gadon murfin ragar waya mai sakata, ɗakin kuma kullum a rufe. Kyanwa ta koma gindin rumbu.

Kwana huɗu ke nan Hajja ba ta amsa gaisuwata, amma kowace safiya sai na durƙusa na gaishe ta. Na san za ta kira ki. Ki saurare ta da ladabi, amma kada ki roƙe ni, don ba zan canza ba.

Ki sa Amna a addu'a idan kin je Harami. Ki gaida Goggo Zainabu.

Ƙanwarki,
Sa'adiyya