Layin da Aka Shafe a Yabon Baba

Zuwa ga ƙanwata Nagat, a Tanta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa daga wannan katafaren masauki da hukuma ta karrama ni da shi saboda maƙalata a kan kwatar unguwarmu. Tunda ba za a bar ni in halarci sadakar arba'in ta Baba ba, ga yabon da na tsara masa. A karanta ranar Alhamis bayan an zaga da baƙin gahawa. Kada a rage ko wasali.

Yayanki, Mahrus

Yaya Mahrus,

Muna gaisuwa. Takarda ta iso, amma layin ƙarshe an lafta masa baƙar tawada kamar an yi ɓarin kwalli. Na haska a rana, na kanga a tururin shayi, ko alif ban gani ba. Me kuma ka faɗa, Ustazu sarkin baki? Mama ta rantse ba za a karanta wa mijinta guntun yabo ba. Saura kwana shida.

Allah ya fito da kai, Nagat

Zuwa ga mai girma Shawish Ragab, sajan mai tace wasiƙun fursunoni,

Gaisuwar ban girma ga mutumin da ya fi kowa karanta rubutuna a faɗin Masar. Ranka ya daɗe, na bi kundin tsarin mulki shafi-shafi. Ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin faɗin ra'ayinsa, ban kuwa ga inda ya ce a ajiye wannan 'yanci a bakin ƙofa tare da bel da igiyar takalmi ba. Ilimi nake nema, ba rigima ba. Mahaifina baduku ne. Na rubuta cewa shekara hamsin bai sunkuya wa kowa ba sai don ya auna ƙafa. Wace kusurwar ƙasar ce wannan layi zai rushe?

Mai biyayya dole, Mahrus Abdul-Gawad

Sitti Nagat,

Allah ya jiƙan Alhaji, ya ba ku haƙuri. Ni ne mai tawadar. Umarni ya ce duk maganar da ke da ƙamshin taurin kai kada ta fita a takarda. Na duba da kyau, bai ce komai ba a kan abin da ke cikin kan ma'aikaci. Sau tara na karanta layin kafin in shafe, ya zauna daram a kaina. Tambayar da Ustazu Mahrus ya yi mini kuwa, ni ma ban san amsarta ba.

Alhamis ina hutu. A ajiye mini kujera kusa da lasifika.

Na bar ku lafiya, Ragab