Tunkiyar da Ka Roƙa da Kunnena da Aka Yanke

Zuwa ga mijina Rayyanu a Yamai,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya kuma ba ka hankali, don shi ya fi ƙaranci a wurinka. Mu nan Maijirgi lafiya lau. An gama cirar gyaɗa, gero ya shiga rumbu, ƙafar babanka Jibo ta warke har yana hawa amalanke.

Lamine direba ya kawo mini wasiƙarka, wadda ka ce in sayar da tunkiyata a buga aikinka na gama lakwal, wato makaranta, in ba haka ba ba za a ba ka takardar shaidar koyon zane ba. Ya kuma miƙo babbar takardar da ka ce samfur ce. A gaban matan gidanmu na warware ta, ina taƙama jikana ya zana ni. Sai ga wata tsohuwa baƙa wuluk, baki ba haƙori, da yagaggen zanen da nake sussuka da shi. Hajjo ta tambaya ko mayyar wane gari ce. Hamsatu ta yi dariya har ta zauna cikin turmi. Da Umaima ta karanta rubutun nasara da ke ƙasa, ta ce ma'anarsa a taimaki tsofaffin ƙauye masu yunwa. Ni, Rayyanu? Ni da na cika maka ciki da fura har cibiyarka ta fito kamar gauta?

Ka ce a cikin salularka hoton da haske yake. To salula fitila gare ta, takarda ba ta da. Ko ni da na tsaya a ajin yaƙi da jahilci na san ba a rina turmin yadi sai an tsoma ƙyalle. Ka sa mai injin buga takarda ya buga ƙarama guda tukuna, ka fita da ita rana ka duba. Ka bar fili a gefe, don wuƙar da suke yanke gefen takarda ta tafi da kunnena na hagu har da ɗan kunne. Kuma ka je da wuri, kafin sauran ragwaye irinka su cika wurin a yi muku aikin gaggawa.

Zancen kuɗin bugawa kuwa, 'yan Tasawa masu shaguna cike suke a Yamai. Je ka wurin Alhaji Rufa'i mai kayan masarufi, allon shagonsa ya koɗe, ka zana masa sabo ya biya maka mai injin. Ku haɗa aikinku da abokanka a buga tare, an ce ya fi sauƙi. Ƙafa gare ka, baki gare ka. Kunya ce ba ka da ita, wannan kuwa taimakonka za ta yi wajen roƙo.

Tunkiya dai na sayar ranar kasuwa, kamar yadda ka so. Na sayi atamfa da sarƙa, na hau mota zuwa Tasawa, mai hoto ya ɗauke ni zaune kan kujera. Ga hoton nan cikin ambulan. Shi ne rabonka duka.

Ka gaida kawunka Abdurrahamane da matarsa Zara'u da yara. Ƙanwarka Balkisu na gaishe ka, ta ce ka daina faɗin sunan gidanmu a can.

Matarka mai yunwa,
Kaka Hawwa