Famfon Man Da Baba Ya Haɗa Mini

Anti, don Allah ki agaza mini, kwana uku ke nan abin nan yana cina.

Mahaifina mai gyaran wayar mota ne, shekara arba'in yana wannan sana'a. Yanzu idonsa ya yi rauni, hannunsa yana rawa, masu kawo masa aiki duk sun watse. Tun rasuwar mahaifiyarmu yake zuwa gareji kullum, ya shimfiɗa kayan aikinsa a kan benci, ya zauna. Wata biyu da suka wuce famfon man motata ya daina aiki, na kai masa. Wallahi Anti, da kin ga fuskarsa ranar! Ya duba ya ce famfon lafiyarsa ƙalau, rile ne ya mutu, abin nan da ke tura masa wuta. Ni kuma ina ta azalzalarsa, zan ɗauko yara daga makaranta. Sai ya ja waya daga makulli kai tsaye zuwa famfon, ya murɗa zaren waya a gurbin fiyus, ya naɗe da salatef. Ya ce in dawo da ita ranar Asabar. Mota ta tashi, ni kuma ban koma ba.

Shekaranjiya na ji ƙaurin roba, yarana uku suna baya. Na tsaya a wani gareji. Mai gyaran ya leƙa ƙasa ya ga wayar tana gogar salansa har ta fara narkewa, taku ɗaya daga tiyon mai. Ya ce wanda ya yi aikin nan bai san darajar rai ba. Na kasa cewa ubana ne. Da na shiga mota sai hawaye.

Mijina ya ce a gyara a ɓoye. Amma Baba kullum da safe sai ya kira ya tambayi lafiyar motar kafin ta jikokinsa. Idan na faɗa masa, ina tsoron ya tattara kayan aikinsa ya daina fita. Yaya zan yi?

'Yar mai gyara

'Yata, share hawayenki. Abu na farko, motar nan kada ta sake motsi. A cire kan batir na jikin mota, kada wani ya kusance ta da taba ko ashana.

Mai gyaran nan ya yi kaushin baki, amma gaskiya ya faɗa. Fiyus shi ne ke ƙonewa don mota ta tsira, zaren waya kuwa yana iya barin wuta ta yi ta bi har roba ta kama. Ga kuma famfon da aka haɗa da makulli: ko inji ya mutu a hatsari, Allah ya kiyaye, shi yana nan yana feso mai. Ana buƙatar sabon rile, fiyus daidai ƙarfin famfon kusa da batir, waya mai kauri a ɗaure ta nesa da salansa, a mayar da haɗin yadda famfon zai tsaya in inji ya tsaya.

Sai dai ki yi wa Baba adalci. Dabarar a kai ki gida ya yi miki, ya kuma ce ki dawo. Ke ce kika mayar da aikin kwana uku na wata biyu, ko ba haka ba?

Ban goyi bayan ɓoyewa ba. Ranar da ya buɗe motar, kallo ɗaya zai gane ba hannunsa ba ne, wannan kuma ya fi zafi. Ki sayi kayan ki kai masa, ki fara da ba shi haƙuri kan Asabar ɗin da kika tsallake, sannan ki faɗa masa zancen ƙaurin, ba ragi. Ki ce ya zaɓi wani cikin waɗanda ya koya wa aiki ya shiga ƙarƙashin motar a inda take a ajiye, shi ya zauna yana ba da umarni. Maganar mai gyaran nan kuwa, ki binne ta.

Zai ji kunya, na sani. Kunyar yini ɗaya ce, zai iya ɗauka. Abin da ba zai iya ɗauka ba shi ne a ce wuta ta taɓa jikokinsa ta hanyar wayar da ya ja da hannunsa, alhali 'yarsa ta sani ta yi shiru.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya tsare ki da yaran.