Barkan Cire wa Sudan Takunkumi

Litinin, bayan Isha'i. Ƙofar Galadima.

Har yanzu raina a ɓace yake. Yau rediyo ta ce an cire Sudan daga cikin ƙasashen da ake zargi da taimakon 'yan ta'adda, za a sassauta mata takunkumi. Muna fitowa daga Magariba maƙwabcinmu Malam Isiyaku ya riƙo hannuna yana fara'a, wai, "Barka da arziki, Malam Bala, an yafe wa mutanenku." Na ce barka kadai, tunda ba a mayar wa dattijo gaisuwarsa. Amma kamar in fizge hannuna.

An yafe me? Yaya Hadiza aure ne ya kai ta Khartum, ko kaza ba ta iya yankawa. Injin wankin ƙoda ya lalace a asibitinsu, aka ce takunkumi ya hana shigo da kayan gyara. Tana jira ta kumbura, tana jira ta cika. Ko jana'izarta ba mu samu ba, ta waya muka ji. Waɗanda ake zargin kuwa ko ciwon kai suka yi sai su hau jirgi. Yanzu manya sun shirya tsakaninsu, shi ke nan, mu kuma mu karɓi barka.

Na shiga gaida Inna, ashe ita ma ta ji. Ta ce, "Bala, yanzu za a gyara injin nan?" Na ce za a gyara. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "To, Allah ya sa 'yar wani ta samu."

Ita ta iya. Ni ban yafe ba.